Karamar Surukar Bronek

Aji shida kawai Bronek Jaskolski ya yi a makaranta, sauran rayuwarsa a bakin tanderun gidan burodi ya yi ta, amma kaf unguwarmu ta 'yan Poland a birnin Buffalo ba wanda ya kama ƙafarsa a alƙalami. Littafi ɗaya tak ya taɓa karantawa har ƙarshe, wani tsohon tarihin waliyyai da ya gada wajen mahaifiyarsa. Ya karanta shi har bangon ya fita, salon kuma ya shige masa jini. Ko takardar uzuri zai rubuta wa makarantar 'ya'yansa bakwai, haka take fitowa: "A shekara ta tara ta rayuwarsa, bawan Allah Ignacy ya gamu da jarrabawar gudawa, ya kuwa ɗauke ta da haƙuri." Sistocin makarantar suna ajiye takardun suna karanta wa juna, yaran kuwa kamar su nutse don kunya.

Da haka aka damƙa masa shafin mamata a takardar coci ta ranar Lahadi. Tsarin littafinsa yake bi sau da ƙafa: haihuwa, sai wahalhalu, sai karama. Kowane mamaci sai ya nemo masa karama guda, kuma ta gaskiya, don Bronek ba ya rubuta ƙarya. Wani mashayi ma ya samo masa: shekara arba'in yana tangaɗi a kan ƙanƙara, bai taɓa faɗuwa da jikarsa a kafaɗa ba. Mu dai muna alfahari da shi, har mutanen wasu coci sukan aiko a saya musu takardarmu.

Sai surukarsa ta rasu. Babcia Leokadia, wato Kaka Leokadia, uwar matarsa, shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin bayan gidansa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan mai burodin". Tafiyarsa ba ta yi mata ba, waƙarsa a coci ba ta yi mata ba, har yadda yake riƙe carbi sai ta kushe.

Matarsa Halina ta ajiye masa biro a gabansa. "Yadda ka yi wa kowa haka za ka yi wa Mama. Da karamarta."

"Halina, ina zan samo ta? Matar da ta ce gara a ce kin auri tanderun, shi aƙalla yana da amfani?"

"Ka samo wa mashayi, uwata ce za ta gagare ka? Alhamis Fadan cocinmu zai kai wa masu bugawa."

Ya rubuta haihuwa, ya rubuta wahalhalu, har da zuwanta a jirgin ruwa da akwati ɗaya. Wajen karama ya tsaya cak. Hankalinsa ya tashi ƙwarai: ya yi ƙarya ba zai iya ba, ya bar gurbin fanko kuma Halina ba za ta yafe masa ba har abada.

Ran Laraba ya shirya komawa aiki, ya miƙa hannu inda kullum yake tarar da kwanon abincinsa na pierogi a ɗaure. Ba komai a wurin. Ya leƙa ɗaki.

"Halina, yau ba pierogi?"

Ta ɗago kai daga matashi. "Ni? Yaushe ka taɓa ganin na tashi kafin ka fita? Ai Mama ce."

"Duk shekarun nan?"

"Duka. Ta ce in na faɗa maka sai ta tsine mini."

Bronek ya zauna a bakin gado. Kullum da yamma a gaban tsohuwar yake yabon hannun matarsa, ita kuwa ta ja tsaki ta ce wasu ko takalmi aka dafa musu za su lashe kwano.

A ranar ya cike gurbin: "Karamarta ita ce, shekara ashirin da shida tana ciyar da mutumin da ba ta ƙauna, ta bar shi yana gode wa wata."

Ran Asabar takardun suka iso, ya kawo wa Halina ɗaya yana ji da kansa. Ta karanta, ta share ido, sannan ta maka masa ita a ƙirji.

"Ba ta ƙauna? Wa ya faɗa maka? Sakarai kawai. Lokacin da tanderu ya ƙona ka, wa ya yi kwana tara a durƙushe gaban Uwa Maryamu? Gwiwarta ba ta ƙara miƙewa daidai ba."

Bronek ya ɗauki biro ya nufi coci, inda aka riga aka jera takardun a kan kujeru, ɗari huɗu da wani abu. Fada ya same shi a layi na tara yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana soke "ba ta ƙauna", yana rubuta "take zagi" a samansa, hawaye na ɗiga a gashin bakinsa. Fada ya ciro nasa biron, ya fara daga layin baya.