Ranar da Baba ya kira talotalon daji

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Mount Hope a Bronx, ana idar da salla, ni da mahaifina, a tsohuwar motar da nake ɗauko kayan shago da ita. A babban titin Grand Concourse babu kowa sai motocin kwasar shara da wasu mata masu aikin jinyar tsofaffi, sun takure a tashar bas suna hamma. Maiɗakina ta cika mana fulas da shayi, ta ƙunso kilishi da fanke, ta raɗa mini a bakin ƙofa cewa in bi tsohon a hankali.

Ku da kuke bibiyata kun san ni da daji sai dai a talabijin. Shadda da turare nake sayarwa, aikina kiran mai wucewa har sai ya shigo. Baba ne ya fitar da ni. Tun da innarmu ta rasu na ɗauko shi daga ƙauyenmu na arewacin Maradi, ga tsufa ga hawan jini, ga shi babu wanda na yarda zai kula da shi yadda nake so. Ya ci sanyin bana a gaban taga, a hawa na biyar, yana kallon tantabaru. Sanyi na wucewa ya ce gida zai koma. Na yi magiya, na turo limaminmu, na sa jikoki su yi masa kuka, safe da dare maganar ke nan, har ya daina amsa mini. Ina tsoron in ya tafi, labarinsa kawai zan ji a waya. To Baba maharbi ne a zamaninsa. Da wani tsohon abokina, ɗan Zangon Kumasi da ya bar unguwar Parkchester ya koma can cikin duwatsun da ke arewa da birnin nan, ya gayyace ni farautar talotalon daji, sai na ce ga dama ta samu. In Baba ya ga ƙasar nan ma tana da daji, wataƙila ya zauna.

Mun miƙi hanyar arewa, benaye suna raguwa, itatuwa suna ƙaruwa. A kan doguwar gadar kogin Hudson hazo ya kwanta a kan ruwa har ba a ganin ƙarshen gadar, muka yi ta tafiya a cikin fari kamar ba a ƙasa muke ba. Kuɗin hanya a nan ba mai tare ka da igiya da ganga kamar hanyar Yamai. Na'ura ce a sama take ɗaukar lambar motarka, ka wuce kana murna, ita kuma ta ci rabonta daga baya. Mun tsaya a gidan mai na sayo wa Baba kofi. Ya tambayi kuɗinsa, da na juya masa shi zuwa sefa sai ya ajiye kofin a hankali ya ce shi ba ya shan asara. Muka koma kan shayin gida.

Watan Mayu a wajen nan sai wanda ya gani. Ganye sabo fil, kore mai haske, gonaki an kafce su baƙi ƙirin, ga shanu masu dabbare-dabbare ba makiyayi ba sanda. Can sai muka ga bareyi suna kiwo a gefen titi, ko ɗago kai ba su yi ba. Baba ya gyara zama, ya juya yana kallonsu har suka ɓace, ya ce waɗannan ba su taɓa jin labarinsa ba. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini a makon.

Mun isa gidan abokina rana ta ɗaga, ina ta yabon kaina da sammako. Ya fito yana dariya har da riƙe ciki. Ashe masu wannan farauta tun kafin assalatu suke zaune a gindin itace, don su ji inda tsuntsayen suka kwana kafin su sauko. Kana sammako, wani a tafe ya kwana. Ya ce ba komai, da hantsi matan kan tafi kan ƙwai su bar mazan cikin kewa, wani lokaci ma sun fi amsa kira. Sai Baba ya fito daga mota, dariyar ta tsaya cak. Tsohon ya ci ado don girmama mai gida: farar riga, jar hula, da shuɗin mayafi a kafaɗa.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan kaya ba zai shiga daji ba," in ji abokina da Hausarsa ta Zango. "Ja, fari, bulu, shi ne kala na kan talotalo. Wani hunter in ya hango ka cikin ganye, finish!"

"Bon," in ji Baba. "Wace irin ƙasa ce ake halbin mutum don hulatai?"

Haka muka tuɓe masa adonsa, aka sa masa riga mai launin ganye irin ta soja, ta yi masa yawa har gwiwa. Yana ɗaura ta yana ba mu labarin yadda yake ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai, har ya shiga tsakiyar bareyi ba su gane mutum ba ne. Abokina ya ce in ya gwada haka a nan, gawarsa za mu kai Maradi. A nan ba a bin tsuntsu, zama ake yi a kira shi ya zo. Ya karanta mana sauran doka: shi kaɗai ke da bindiga da takardar izini, mu 'yan kallo ne, namiji mai gemu kawai ake harbi, gemun kuma wani tsinken gashi ne a ƙirji, rana na kaiwa tsaka kuma an rufe harbi sai gobe. Muka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, muka shiga.

Ban san yadda zan kwatanta muku dajin nan ba. Ƙasa laushi, ganyen bara ya rufe ta, ƙamshinta kamar na sabuwar randa. Haske yana saukowa ta tsakanin rassa a yanke a yanke, ga wani ƙaramin rafi da ake ji ba a gani. Muka zauna a gindin wani ƙaton itace a bakin wani ɗan sarari, muka jingina, kafaɗata tana taɓa ta Baba. Rabon da in zauna kusa da shi haka tun ina yaro.

Abokina ya fito da abin kiransa, wani ɗan akwatin katako mai murfi, ya goga masa alli. In ya ja murfin sai ya yi kukan macen talotalo, kyau-kyau-kyau. Ya ja, muka saurara. Can daga bayan tudu sai ga amsa, gulu-gulu-gulu. Ya raɗa mana cewa a al'adarsu namiji ne ke tsayawa ya yi kururuwa, mace ta tako ta same shi. Maharbi yana so ne ya juya wannan al'ada, shi ya sa abin ke da wuya.

Muka daɗe. Kafin namijin ya iso, wata mace ta gaske ta ratso ta gefenmu, tana tone ganye tana wani ɗan guna-guni a maƙoshi, ba ta ma san da mu ba. Na saci kallon Baba, na ga ya rufe ido, ya karkata kunne, leɓɓansa suna motsi. Bayan ta wuce sai ga gogan ya ɓullo a can ƙarshen sararin. Ya baza wutsiya kamar faifai, ya kumbura, yana kai da komowa. Amma ya tsaya nesa da inda harsashi ke kaiwa, kamar an ja masa layi. Abokina ya ja murfi, tsuntsu ya amsa bai matso ba. Ya ƙara ja da ƙarfi, ya amsa bai matso ba. Na ga gumi yana bin wuyan abokina, akwati yana ta kuka har ya fara kama da ni a ƙofar shago ranar da babu ciniki. Daga ƙarshe talotalo ya naɗe wutsiyarsa, ya juya, ya shige kurmi.

Bayan nan shiru ya sauka. Rana ta ɗumama mini ƙafafu, iska tana kaɗa ganye, ban san lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ni ba. Ina tsakanin barci da farke na ga tsakar gidanmu, Inna tana watsa wa kaji tsaba, Baba saurayi da ƙarfinsa yana shigowa da zabi rataye a kafaɗa. Sai itatuwan nan suka zama gawo da kalgo, suka sake komawa yadda suke. Na farka da kewar Inna ta cika mini ƙirji, har sai da na share ido.

Rana ta kai tsaka. Abokina mutum ne mai bin doka, ya zare harsasai, ya zura bindiga cikin jakarta, ya ja zif, ya ce yau ba rabo. Muka ci kilishi, muka yi shirin tashi. Baba ya ɗaga hannu ya ce mu zauna. Ya dunƙule tafinsa a baki, ya yi wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa, sak irin na macen da ta wuce ɗazu, sau biyu ko uku, ya bari. Ya ɗauki ƙirare ya ɗan tona busasshen ganye a gefensa, ya ajiye. Sai ya jingina, ya sauke hular da aka ara masa a kan idonsa kamar mai shirin barci.

Babu amsa. Na ƙagu, na so in ce ya ƙara, ya ɗora hannu a gwiwata ya danne. Ban san tsawon zaman ba, inuwa dai ta matsa daga ƙafata. Sai na ji wani gunji mai zurfi, ba a kunne ba, a ƙirji, da ƙarar fukafukai suna jan ƙasa. Ga shi nan, ta bayan itacen ya zagayo, kusa har in na miƙa sanda zan taɓa shi. Gashinsa da na zaci baƙi ne ashe yana walƙiya, jan ƙarfe da kore da ruwan zinariya, kansa yana sauya launi muna kallo, gemun yana lilo. Ya tsaya yana neman macen da ta ɗan yi magana ta yi shiru. Abokina ya rungume jakar bindigarsa kamar zai yi kuka. Tsuntsun ya dube mu da ido ɗaya, ya dube mu da ɗayan, ya taka a hankali ya koma inda ya fito.

"Baba, wallahi ka koya mini!" in ji abokina.

"Ba wani abu ba ne, ɗana," in ji Baba. "In ya ji ka sau guda, ya san inda kake. Kira in ya yi yawa, tsoro yake ba nama. Sai ka yi kurum, ka bar mai sauran."

Bai dube ni ba, amma na ji maganar har cikin ƙashina.

A hanyar fita mun ratsa gefen wata gona da aka kafce. Baba ya durƙusa, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Ya ce war haka a gida ana duban gabas, kowa ya fito da irinsa. Fuskarsa a lokacin ban taɓa ganinta a gaban tagarmu ba. A gidan abokina matarsa ta cika mu da wake da shinkafa irin na Gana, da yajinsu baƙi mai sa hawaye. Ta yi mana tsiya cewa mun sha wannan tafiya don talotalo, alhali a Staten Island, can cikin birninmu, suna yawo a titi suna tare motoci, ba mai ikon taɓa su. Baba ya yi dariya har da tari, ya ƙara loma.

Da la'asar muka juyo. Cunkoson masu komawa birni ya riƙe mu tun kafin gada, Baba yana barci da jar hularsa a cinya. Duk kalaman da na tanada don wannan hanya, ga daji, ga noma, ga likita kusa, suna bakina, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗan kasuwa irina, shirun nan ya fi azumin bazara wuya. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: na fita in nuna wa Baba dalilin zama, na dawo na ga cewa ya ji ni tun ranar farko, ya san inda nake, sauran nasa ne.

Mun shigo Bronx fitilu sun kama, jirgin ƙasa yana ruri a kan gadarsa. Na sami wurin ajiye mota da ƙyar, na kashe inji, muka zauna ba wanda ya buɗe ƙofa. Na ce, "Baba, gobe in sha Allah zan nemo tikiti. Wace rana kake so?"

Ya daɗe yana kallon benenmu, can sama inda jikokinsa suka leƙo ta taga suna ɗaga hannu.

"Kahin a gama shuka," ya ce. Ya sa hularsa, ya gyara ta. "Amma na tahiya da komowa za ka saya. In anka yi girbi, in da rai, ka zo ka tarbe ni."

Na ce to. Na san nauyin "in da rai" a bakin mai shekarunsa, shi ma ya sani. Na zagaya na buɗe masa ƙofa, na riƙe masa hannu, muka hau.