Jakar da Ta Je Kumasi Ta Dawo

"Wallahi Anti, na roƙi malamar," in ji Kamila. "Har kuka na yi a cikin motar a Kumasi, kowa yana kallona."

"Na sani, 'yata. Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar 'yar sanda."

Barikisu ta karɓi jakar ta ɗora a cinyarta. Jakar makaranta ce ruwan hoda, ko ledarta ba a cire ba. Su biyu ne kawai a motar makarantar. Direba ya tafi salla, ƙananan yara kuma ba a tashe su ba tukuna. Ranar ce aka dawo daga dogon hutu, zafin Dubai ko alamar sauka bai yi ba.

Barikisu 'yar Zangon Kumasi ce a ƙasar Gana, a unguwar Aboabo aka haife ta. Shinkafa da wake take taya uwarta sayarwa a bakin titi har ta yi aure. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Tamale ya bar mata Ayisha tana rarrafe. Da yarinyar ta isa shiga makaranta sai Barikisu ta damƙa ta a hannun kakarta, ta bi wani dillali zuwa Dubai. Ta fara da shara, daga baya aka ba ta kula da yara a motar makaranta. Kullum da sanyin safiya take saukowa daga gadonta na sama a ɗakin haya na unguwar Satwa, ta saka riga mai ƙyalli, ta wuni tana ɗaura wa 'ya'yan mutane bel tana goge musu hanci. Sau ɗaya ta je gida tun zuwanta.

Kamila kuwa 'yar wani ɗan kasuwar Kano ce mai aikin kago, wato aika kaya ƙasashe, a kasuwar Al Ras. Tun tana ƙarama take shiga motar. Wata rana ta ji Barikisu tana yi wa wani yaro faɗa ƙasa-ƙasa da Hausa, ta kwashe da dariya, daga nan suka ƙulla. Kamila tana tsokanarta cewa Hausarta ta sha ruwan yaren Asante, ita kuma tana ce mata 'yar gatan Alhaji wadda ba ta san tsintsiya ba.

Bana makarantar ta shirya kai manyan ɗalibai Gana aikin sa kai a lokacin hutu, su yi wa azuzuwa fenti su koya wa yara karatu a wani ƙauye bayan Kumasi. Da Kamila ta faɗa mata tana cikin masu tafiya, Barikisu ta kasa zama. A Zango, wanda zai je garinku ai ɗan saƙo ne, kuma ba ya wucewa bai shiga gidanku ya sha ruwa ba. Wa yake neman izini a kan saƙo? Ko a ranta ba ta kawo za a tambayi wata malama ba.

Ta sayi jakar a Satwa, ta zuba takalmi da dabino da 'yan kunne. Ta naɗe mayafinta da ta yi ta kwana da shi don ya ɗauki ƙamshin jikinta, ta tura a ƙasa. Ta ja wa Kamila kunne cewa hannu da hannu za ta ba Ayisha, kada ta bai wa kowa ya kai. Sannan ta buga waya gida ta ce 'yarta ta Dubai tana tafe. Ayisha da ma ta fara gajiya da waya, sai an kamo ta take gaisuwa. Ranar ta tsaya ta saurara, domin uwarta ta yi mata alkawari wadda za ta zo ta san ta sosai, za ta rungume ta a madadinta.

Sauran labarin Barikisu ta riga ta ji daga bakin uwarta, amma ta bar Kamila ta sake faɗa. Da suka sauka a Gana, malamar da ta raka su ta ce ba mai barin ayari, ba mai ganin baƙo. Da ƙyar Kamila ta samu ta sanar da ranar da za su bi ta babban titin Aboabo. An share gida, an yanka kaza, maƙwabta sun taru. Tsohuwa da jikarta suka fito bakin hanya tun hantsi da kwanon abinci, suna ɗaga wa kowace farar mota hannu.

"Na gan su, Anti. Ayisha tana sanye da kayan sallah, masu ruwan ɗorawa. Na buga gilashi, direban har ya fara rage gudu."

Malamar ta ce ya wuce. Da dawowa kuma ta wata hanya aka bi da su. Direban ya ce ta kawo jakar zai kai, Kamila ta tuna da gargaɗin da aka yi mata ta hana, tana sa ran wata dama. Damar ba ta zo ba.

"Ki ce wani abu mana. Ko ki zagi malamar."

Barikisu ta so ta zage ta. Duk hutun nan ta yi ta neman haushin matar a ranta, ba ta samu ba. Sau nawa wata uwa ta tare ta a hanya tana roƙon a sauke mata ɗanta a gidan 'yar'uwarta, ita kuma ta girgiza kai ta rufe ƙofa? 'Ya'yan mutane ne a hannunta, inda aka ce ta sauke su nan take sauke su.

"Da ni ce a motar nan, ni ma ba zan tsaya ba," ta ce.

Kamila ta tambayi lafiyar Ayisha. Barikisu ta shafa jakar, ta ce lafiyarta ƙalau. Ba ta faɗa mata cewa tun daga ranar yarinyar ba ta sake karɓar waya ba. In ta kira, sai tsohuwa ta ce ta tafi ɗebo ruwa, ko ta tafi makarantar allo, alhali Barikisu tana jin motsinta a kusa. Kago zai iya kai jakar cikin mako guda, mahaifin Kamila ma ya ce a kawo. Amma ba jaka aka yi wa yarinyar alkawari ba.

Ƙararrawa ta kaɗa. Ƙananan yara suka fara fitowa a layi, jakunkuna na jan su baya. Wata 'yar mitsitsiya tana kuka, igiyar takalminta ta kwance.

Barikisu ta tura jakar ƙarƙashin kujerarta, ta gyara rigarta mai ƙyalli.

"Yalla, koma wurinki, 'yar gata," ta ce wa Kamila.

Ta sauka daga motar, ta nufi yarinyar tana miƙa mata hannu.