Ranar da Baba Ya Hura Bakin Famfon Feshi

Wata Laraba ce a ƙarshen damunar 1999, shekarar da soja suka bar mulki. Ina da shekara tara, na kai wa Baba fura gonarmu ta wake a Lajawa, na tarar da shi gindin tsamiya, bakin famfon feshi ya toshe. Ya kwance shi ya sa a baki, ya zuƙa, ya hura, ya tofar, kamar yadda kowane manomi yake yi. Amma wannan karon sai da ya ƙware. "Hajara, kar ki gaya wa innarki," ya ce, don kullum faɗansu ke nan. Ni kuwa uwar riƙon amana, na ce to.

Bayan azahar ina tankaɗe a tsakar gida na ji Inna tana salati. Baba na kwance kan tabarma, gumi sharkaf, yawu na zuba. Naman cinyarsa yana motsi shi kaɗai, kamar tsutsotsi na yawo ƙarƙashin fata. Ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero, yana kallona ba ƙiftawa. Wallahi na tsorata. Tsofaffin gida suka ce mutanen tsamiya ya taka, aka ɗebo garwashi, aka turara masa hayaƙi. Ina raɓe jikin rumbu, maganar tana bakina, idonsa yana kaina, na kasa gane ko "faɗi" yake nufi ko "yi shiru". Sai bayan la'asar na raɗa wa Kawu Sule, ƙanin Inna, shi ne ya goya Baba a babur zuwa asibitin Wudil. Malamin asibitin ya tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, Kawu ya faɗa, malamin ya ce an makara. Baba bai kai magariba ba.

Yau ni nake koyar da 'yan sakandare abin da ya faru a jikinsa. Jijiya takan feso wani sinadari ya umarci tsoka ta motsa, wani kuma ya biyo ya share umarnin. Shi kuwa maganin ƙwari, mai sharewar nan yake kashewa, sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa, har ƙirji ya gaji da numfashi. Yara suna rubutawa, ko a jikinsu. Da ina tsoron aljanu, yanzu na san babu su a maganar, kuma wallahi da su ɗin ne da na fi samun sauƙi. Inna ta rasu tana ɗora wa aljanu laifi. Ban taɓa gyara mata ba.