Lambar da Ta Shiga Wayar Maigidana

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ban da makon da na koma ofis bayan na fita takaba. In an tambaye ni abin da ya faru, ba wani babban abu ba ne, imel kawai aka ce in haɗa a kwamfuta. Amma har yau abin yana raina.

Maigidana malamin makaranta ne, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Lokacin zaman makoki gidanmu na Ƙofar Kwaya ba masaka tsinke. Daga baya mutane suka janye da kaɗan-kaɗan. Ɗiyarmu ta koma ɗakinta a Zariya, yayata da ta taya ni zaman takaba ita ma ta koma Daura. Sai ni kaɗai a gidan. Shi ya sa na ɗokanta in koma aiki, ina ganin ko ba komai zan ji motsin mutane.

Da na isa ofishinmu a GRA na tarar an kwashe abokan aikina an kai su sabon gini. Ni ba a sama mini wuri ba tukuna, don haka aka bar ni a tsohon ɗakinmu na ƙarshen baranda, ni da tebura biyu da ba kowa a kansu. Darakta ya yi mini gaisuwa sosai, sannan ya gaya mini abubuwa sun canza a bayana. An daina raba takardu hannu da hannu. Tun ina asibiti ina jinyar maigidana aka buɗe wa kowane ma'aikaci akwatin imel na gwamnati, wanda saƙonninsa ke zaune a can wata babbar ma'ajiya ta intanet, kuma kowa sai ya haɗa nasa da kwamfutar teburinsa. Ya ce in yi ƙoƙari in haɗa nawa kafin mako ya ƙare, domin ta nan za a tabbatar na dawo bakin aiki.

Ni kuwa duk abin da ya shafi na'ura maigidana ne yake yi mini. Ko hoto zan tura wa ɗiyarmu sai in miƙa masa waya, ya yi ta tsokanata yana cewa da digirina da komai.

Mutum ɗaya ne ke kula da kwamfutocin ma'aikatar, kuma sabo ne, a bayana aka kawo shi. Aiki ya yi masa yawa a sabon gini, sai ya ce zai bi da ni ta waya. Ya sa na buɗe manhajar imel, na shiga wurin ƙara sabon akwati, na rubuta adireshina da kalmar sirrin da ya karanto mini. Har na fara jin daɗi, ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba. Sai wani ɗan akwati ya fito, ya ce an tura lambar tabbatarwa zuwa wata waya, ya nuna ƙarshen lambar wayar.

Ba tawa ba ce. Ta maigidana ce. Nan take na tuna, lokacin da aka karɓi bayanan ma'aikata wayata ta lalace, shi ya zauna ya cike mini komai, ya sa lambarsa.

Na gaya wa mai kwamfutar lambar maigida ce. Ya ce ana iya canzawa, amma sai an rubuta wa hedikwata, kuma abin yana ɗaukar lokaci.

"Ai mai sauƙi ne, Hajiya," in ji shi. "Ki kira maigidan ya karanto miki, yanzu mu gama."

Na buɗe baki in gaya masa, maganar ta ƙi fita. Na ce to, na kashe waya. A lokacin ne na lura, tun da aka yi rasuwar ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Kullum wasu ne suke sanarwa, ni nawa amsa gaisuwa ne. Na zauna ina kallon ɗan akwatin nan yana jirana har aka kira la'asar, sannan na tari mai kurkura, keken nan mai ƙafa uku, ya kai ni gida.

Wayar tana cikin durowa tare da tabaraunsa, inda yayata ta ajiye su. Ban taɓa ta ba tun ranar rasuwar. Na sa ta a caji na zauna kusa da ita kamar mai jinya, amma ban kunna ba. Washegari na naɗe ta a hankici na sa a jaka.

A ofis na rufe ƙofa, duk da ba mai shigowa. Na kunna wayar. Bai taɓa sa mata makulli ba, don yana cewa mantawa zai yi. Hoton jikanmu ya fito, yana dariya da haƙora biyu. Na daure na juya ga kwamfuta, na danna a sake turo lambar. Kafin ta iso, wayar ta fara ƙara a hannuna. Na ɗauka ba tare da na yi tunani ba.

"Kai mutumin banza, sai yau ka ga damar kunna waya?" Muryar dattijo ce, cike da dariya. Da ya ji sallamata ya tsaya. "Halan ba wayar Malam ba ce?"

Abokin karatunsa ne da ke zaune can kudu, na san sunansa amma ban taɓa ganinsa ba. Ashe ya daɗe yana nema ba ya samu, kuma ba shi da lambar kowa a danginmu.

"Tasa ce," na ce. "Matarsa ce. Allah ya yi wa Malam rasuwa."

Ya yi salati, sai na ji dattijon yana kuka kamar yaro. Ni ma abin da na riƙe wata da watanni ya ɓalle. Muka yi ta kuka, shi a can ni a nan, mutum biyu da ba su san fuskar juna ba. Ya yi wa maigidana addu'a mai tsawo, ya ba ni labarin yadda suke raba kwanon abinci ɗaya a makaranta. Kafin mu gama, lambar ta iso har lokacinta ya wuce.

Na share fuska na sake nema. Wannan karon na karanta na rubuta da kaina. Manhajar ta ɗan yi juyi, sai saƙonni suka fara zubowa, na duk watannin da ba na nan: kiran taro, jadawalin hutu, umarni kan sa hannu da safe. A tsakaninsu na ga sanarwar da aka tura wa dukkan ma'aikata cewa mijin abokiyar aikinsu ya rasu, jana'iza bayan azahar. Ni ma an turo mini, tun da ina cikin ma'aikata. Na karanta ta har ƙarshe, na rufe.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kwamfutar ne, kansa a sunkuye. Wani ya gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce in yafe masa maganar jiya, na ce ai bai sani ba. Ya ja ɗaya daga cikin kujerun da ba kowa ya zauna kusa da ni. Ya ce tun da yanzu na shiga akwatin, ba sai an jira hedikwata ba, zan iya sa lambata da hannuna. Ya nuna mini wurin, na sa, saƙo ya shigo wayata. Sai lambobi biyu suka jeru a allon, tawa da tasa.

"Ta Malam fa, Hajiya? A bar ta ko a cire? Ba dole ba ne yau."

Na daɗe ina kallon su. Shi ma bai hanzarta ni ba. Daga ƙarshe na sa hannu na cire ta da kaina.

Shekaru sun wuce, yanzu har ni nake nuna wa wasu yadda ake haɗa imel ɗin. Abin da makon nan ya koya mini shi ne, kaɗaici ba ya zuwa ranar da gida ya cika da masu gaisuwa. Yana jira sai kowa ya watse, sannan ya tare ka a ƙaramin abu da wanda ya tafi ya saba yi maka. Shi ya sa duk wanda ya dawo ofis bayan rashi, ba na tsayawa a gaisuwar bakin ƙofa. Ina jan kujera in zauna kusa da shi, har ya gama abin da ke gabansa.