Jinkar Rufewar Na'iya

Na'iya mutumin Fakku ne, bai san wata sana'a ba sai noma da yantar ciyawa. Abin da ya gada wurin mahaifinsa guda ne: rufewa, babban rumbun laka mai cin dami ɗari biyu, zaune kan duwatsu a bayan gida. Duk shekara uku yakan sake mata jinka. A ƙasa ake ɗaura jinkar, sannan maza takwas su ɗaga ta su kifa a bisa.

Shekarar da aka samu mulkin kai, maƙwabcinsa Ɗangiwa ya dawo daga Tambuwal yana cewa an 'yanta ƙasa. Na'iya bai ɗago daga aikinsa ba, ya ce shi dai ciyawa ya san ana yantawa.

Da bazara ya sauke tsohuwar jinka, wadda gara ta gama da ita. Ya auna sabuwa da igiyar da mahaifinsa ke awo da ita, bai rage ko taƙi ba. Matarsa Tambaya ta tuna masa cewa igiyar nan ta zamanin da gidan ke cike da maza ce. 'Ya'yansu uku sun tafi cin rani Kurmi, damina biyu ke nan ba su dawo ba. Ya ce bakin rufewa bai ragu ba don gida ya ragu.

Ya raba goron gayya gida-gida. Ranar ɗagawa mutum uku suka zo, duk masu furfura. Suka kai ta gwiwa, suka ajiye.

"Na'iya, wagga ba jinka ba ce, giwa ce," in ji Ɗangiwa yana haki. "Bari yara su dawo."

"Da bari nika yi, da ban kai yau ba," ya ce. Amma ya bari.

Hadari ya riga yaran. Shi da Tambaya suka kwashe geron da ya rage zuwa ɗakinta, ya shimfiɗa zana a bakin rufewa, iska ta yaye. A ruwa na uku gefen gabas na rufewar ya zube, sauran ya bi kafin a yi maimai, wato noma na biyu.

Jinkar ta zauna a ƙasa, ba inda take yoyo. Kaji suka riƙa kwana a ciki. Na'iya ya yi shekara shida a duniya bayan haka, yana korar awaki kada su ci ta.