Tiyon Man Motar Baba

Baba yana da wata tsohuwar akori-kura da ta girme ni. Ba ta iya shiga lungunmu na Yakasai, don haka a bakin titi take kwana, jikin katangar masallaci. Da can da ita yake dakon buhunan hatsi. Da ƙarfinsa ya ja baya ya bar dako, sai aiki ɗaya ya rage mata, ɗaukar gawa. Duk wanda ya rasu a unguwar, in an yi masa sutura an sallace shi, sai a ɗauko makara a kafaɗa zuwa bakin titi a ɗora a bayan motar Baba, shi kuma ya ja a hankali har maƙabartar Ɗan Agundi. Bai taɓa karɓar komai ba, bai kuma taɓa ba wani tuƙin ba. In aka ƙwanƙwasa ƙofarmu, kafin mai sallama ya rufe baki Baba ya riga ya lalubo makulli a aljihu.

Ni ban taɓa ƙaunar motar nan ba. Ƙofarta sai an ɗaure da igiya, kujerarta kuma ta sha yaga mini wando. Nakan tsokane shi in ce 'yan jari-bola sun yi mata ciniki, shi kuma ya ce ai ni suka fara tayawa aka rasa mai saye.

Abin ya faro ne daga tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji. Ya tsufa ya tsage a ƙarƙashin bodi. Baba ya yi masa gyaran tsofaffin direbobi: ya jiƙa sabulun wanki ya murtsuke tsagar, ya naɗe da robar tayar keke. Sabulu kan riƙe hujin tanki na ɗan lokaci, amma tiyo abu ne mai lanƙwasa, da mota ta faɗa rami sai ya buɗe. Ga shi tun wata mura mai zafi da ya yi, hancin Baba ya daina jin ƙamshi balle wari. Sai dai ya durƙusa ya leƙa ƙasa, fetur kuwa ba ya daɗewa a ƙasa mai zafi. In bai ga ɗigo ba, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce lafiya lau take.

Ana haka wata tsohuwa ta rasu a bayan layinmu. An fesa wa likkafaninta turare kamar yadda aka saba, aka ɗora ta a motar Baba. Daben bodin duk tsatsa ta huda shi, warin mai ya dinga tasowa ta nan har aka isa. Da maza suka ɗago ta za su saka a kabari, fetur kawai ake ji. Ɗanta ya yi wa Baba godiya har da rusunawa, bai yi masa zancen warin ba. A cikin birni ba a duban dattijo a faɗa masa irin wannan. A zaman makoki ne ya yi kuka ya ce mahaifiyarsa ta tafi tana warin gidan mai.

Daga nan wani ɗan kasuwa ya ba da farar bas ɗinsa don ɗaukar gawa, aka cire kujerun baya. Aka yi rasuwa, ba a ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Aka sake yin wata, shiru. A lasifikar masallaci Baba ya riƙa jin sanarwa kamar kowa. Sai ya sa hula ya zauna a zaure yana jira, in ya ji shirun ya yi yawa ya ce wataƙila sun zaci ba shi da lafiya ne. Inna ce ta jiyo gaskiyar magana wajen mata, ta kira ni ɗaki ta faɗa mini. Ta ce ubana ya daina cin abinci, in san abin yi.

Na same shi a zaure na ce tiyon motarsa na yoyo. Ya taso mini, ya ce ni da ko keke ban iya ba zan koya masa mota? Raina ya ɓaci nima, na ce kowa a bakin titi yana jin warinta, shi kaɗai ne ba ya ji. Ya mayar da idonsa kan tabarma.

“Tun yaushe?” ya ce.

Na ce an kwana biyu. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban kawo zancen likkafani ba. Ya miƙo mini makulli, abin da bai taɓa yi ba, na ji tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Na ɗauko wani bakanike daga Ƙofar Mazugal, muka fara biyawa kasuwa ya zaɓo baƙin tiyo mai kauri, irin wanda mai ba ya cinyewa. Ya cire kan batir, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Da ya sassauta ƙarfen da ke matse bakin tiyon, mai ya tsiyayo cikin kwanon da ya tara. Ya daɗe yana murɗawa kafin tsohon ya fita. Ya bushe ƙamas, duk ya yi faso kamar dunduniya, ga sabulu a kan roba, roba a kan sabulu, ɗaurin Baba na watanni. Bakaniken ya fara dariya, ya ga fuskar Baba, ya haɗiye abarsa. Baba ya karɓi tiyon ya kai hanci ya shaƙa da ƙarfi, ya sake shaƙa, sannan ya ajiye a ƙasa.

Aka zura sabo, aka matse bakinsa biyu. Bakaniken ya zuƙo mai da baki ya tofar, ya mayar da kan batir ya ce a tayar. Ta tashi. Baba ya sa shi ya shanshana, ya sa ni na shanshana, har mai shayin da ke gefe sai da ya kirawo. Duk muka ce babu wari. Washegari ya wanke bodin da kansa, ya sa aka toshe hujojin da walda, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Kwanaki ya bar bonet a buɗe don masu wucewa su gane an yi gyara. Bayan sallar magariba kuma ya sanar da liman, cikin hira, kamar ba da gangan ba. Ya koma cin tuwonsa, har da neman ƙari.

Rasuwar da ta biyo baya ta amininsa ce, wani maɗinkin hula da suka taso tare tun makarantar allo. Baba bai jira a ƙwanƙwasa ba. Tun kafin a fito da gawa ya tayar da mota, ya juyo da bayanta saitin bakin lungu, ya sauke murfin bodi. Ana idar da sallah ya riga kowa fita ya tsaya a gefenta. Farar bas tana can gaba kaɗan, ƙofarta a buɗe.

Babban ɗan mamacin ya ƙaraso ya rusuna.

“Baba, ka huta. Allah ya saka da alheri, an riga an kawo bas.”

“An gyara ta,” in ji Baba. Ya nuna ni. “Tambayi wannan. Sabon tiyo ne.”

Na ce haka ne, a gabana aka sa.

“Na sani, Baba,” ya ce, kansa a ƙasa.

Yana faɗar haka makara na wucewa ta bayansa, kafaɗu na karɓa suna miƙawa gaba. Ba wanda ya dubi motarmu. Na ji haushi ya turnuƙe ni, amma wa zan kama? Ba wanda ya yi rashin kunya. Wani dattijo da abin ya taɓa shi ya ce to a sa itacen rufin kabari da jarkokin ruwan kwaɓa ƙasa a motar Baba. Aka jera su a kan sabuwar tabarma. Baba ya ce Allah ya yi albarka, ya shiga, ni ma na zagaya na zauna kusa da shi.

Bas ta yi gaba, babura suka rufa mata baya. Baba ya ja motarsa yadda ya saba ja in da gawa a baya, yana kauce wa kowane rami, bakinsa na motsi da salati. Na so in ce ya ƙara wuta, ruwa ne kawai da itace, amma sai na juya ina kallon titi. 'Yan adaidaita suka yi ta danna mana hon suna wucewa.

Ko da muka isa Ɗan Agundi an riga an saka amininsa a kabari. Mutane na tsaitsaye suna leƙen hanya, itace da ruwa ake jira. Baba ya kashe mota, hannuwansa biyu na kan sitiyari, bai buɗe ƙofa ba.

“Sauka ka kai musu,” ya ce. “Kada a bar shi a buɗe cikin rana.”