Saƙonnin da Malam Muniru Bai Kai Kumasi Ba

Malam Muniru Sumani direban tasi ne, mutumin zangon Kumasi, mazaunin unguwar Highbridge a Bronx. Ya sauka a filin jirgin sama na Kennedy a 1993 da niyyar ya yi shekara biyu ya koma. Ya bar ɗansa Abdulai yana tatata. Tun daga lokacin kusan kullum yana filin jirgin, amma bai sake shiga jirgi ba.

Ban san wanda ya fi shi sanin tarihin wurin ba. Da zarar mota ta hau titin Van Wyck, fasinja ya shiga aji ko bai so ba. "Duk nan fadama ce da filin wasan golf. Idlewild ake kiransa. A 1948 aka buɗe shi, sai a 1963 aka sa masa sunan shugaban da aka harbe." Ya san ginin da aka rushe da wanda aka tayar a gurbinsa. Yana da ɗan sikeli mai ƙugiya, ba ya sa jakar mai tafiya gida a but sai ya auna. "Kilo ashirin da uku. Ma'aikatan can ba su san dangi ba." Nasiharsa ga kowane matafiyi ɗaya ce: kada ka faɗa wa kowa ranar tafiyarka, in ba haka ba saƙon mutane zai cinye maka jaka.

Takardunsa na zaman ƙasa sun fito tun 2004. Daga nan dalilan rashin zuwa gida suka riƙa sauyawa. Gidan da yake ginawa a Kumasi ba a yi masa rufi ba. Aka yi rufi, saura tagogi.

Ni ma'aikacin wani ofishin jakadanci ne, ina zaune a unguwar Parkchester. Malam Muniru ne ke kai 'yata Huda koyon goge na Turawa duk Asabar. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Wata Asabar ina cikin motar, ta karanta mana aikin da aka ba ta a makaranta, a kan ƙuruciyar wani mai tsara kiɗa na Turai a ƙarni na sha takwas. Ubansa ya lura da baiwarsa tun yana ƙarami, ya sa shi a keken doki yana ɗan shekara bakwai, suka yi sama da shekara uku suna zaga fadojin sarakuna, yaron na kiɗa, yana kwanciya ciwo a hanya.

"Wannan ba uba ba ne, mai wasa da biri ne," in ji Malam Muniru. "Yaro ƙarami cikin wannan sanyi? Malam Ɗalha, kai ma ka kula, kada ka maida mana ita haka."

Huda ta ce, "Amma dai ya tafi da shi, Kawu. Bai bar shi a gida ba."

Ba ta san da zancen Abdulai ba. Malam Muniru ya wuce kwanar da za mu shiga. Ban taɓa ganin ya yi hakan ba sai ranar.

Huda ta rasu a watan Fabrairun 2014, tana da shekara sha biyu. Ciwon sikila ne. Motar Malam Muniru ce a gaba har maƙabarta a New Jersey, kuma bai ba da tarihin gada ko ɗaya ba. Bayan haka mutane suka riƙa yi mini magana da murya ƙasa-ƙasa. Shekara biyu ba wanda ya zolaye ni, ba wanda ya roƙe ni alfarma.

Wata Alhamis a 2016 matar Abdulai ta haifi namiji. Abdulai ya bugo waya. "Baba, suna Alhamis mai zuwa. In ka zo, sunanka zai ci. In ba ka zo ba, zan sa masa sunan Kawu Abubakar da ya rene ni, kuma ka daina ce mini baɗi."

Malam Muniru ya yanki tikitin Talata. Washegari bayan sallar Juma'a ya miƙe a masallaci ya roƙi jama'a addu'ar sauka lafiya, ya faɗi ranar.

Kafin Litinin falonsa ya cika. Takalma, wayoyi, man shafawa, barguna, da injin markaɗen da Hajiya Rukaya ta unguwar Soundview ke aika wa ƙanwarta. Bai iya ce wa kowa a'a ba. Shekara ashirin da uku ta hannun waɗannan mutanen yake aika wa Abdulai riga da littafi, ba wanda ya taɓa mayar masa da ƙunshi.

Ni na kai shi filin jirgi ranar Talata, da la'asar. Jakunkuna biyar, bai auna ko ɗaya ba. Cunkoso ya riƙe mu a Van Wyck, bai ce uffan game da fadama ba. Da muka isa, ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta faɗa masa cikin ladabi cewa jirgin ya cika, jaka biyu kawai za a karɓa, kuma saura minti ashirin a rufe.

Ya durƙusa ya zuge jakunkunan a tsakiyar mutane. Ya ɗauki ƙunshi ya karanta suna ya ajiye, ya ɗauki wani. In ya tafi da na wannan ya bar na wancan, rigimar ta fi girma.

"Malam Ɗalha, mu koma. Sati mai zuwa sai in tafi a tsanake."

"Suna jibi ne."

"Da wane ido zan kalli Hajiya Rukaya?"

"Ba za ka kalle ta ba. Ni zan mayar wa kowa kayansa."

"Kai? Mutumin ofis? Za su cinye ka ɗanye."

"Ba ni sikelin."

Ya ciro shi daga aljihu, naɗe cikin wata tsohuwar takarda. Rubutun Huda ne, aikin nan na makaranta da ta manta a motarsa. Na ware kayansa, kaftani uku da rigunan jariri, na auna. Kilo sha ɗaya.

Da aka ba shi takardar shiga jirgi sai ya tsaya yana waige-waige. "To, ta ina ake bi?"

Na nuna masa.

Kwana uku na yi ina hawa benaye a Highbridge da Parkchester da ƙunshin mutane. Hajiya Rukaya ta tare ni a bakin ƙofarta, ko gaisuwa ba ta amsa ba. "Malam Ɗalha, kai da iliminka? Injin markaɗe guda ɗaya ne ya gagari jirgin sama? Ai da ka bar Malam Muniru, shi ya san yadda ake yi, kai ka ruɗa shi." Tun ranar ta'aziyyar Huda ba wanda ya ɗaga mini murya sai ita. Na tsaya na saurara har ta gama, sannan ta ce in shigo in ci wake da shinkafa.

Jaririn ya ci sunan Muniru. Kakan ya dawo bayan sati biyar, ya koma kan Van Wyck. Darasin ya ƙaru da babi ɗaya: a cikin filin jirgin sai ka cire takalmi, kamar masallaci. Har yanzu yana gargaɗin matafiya kada su faɗi ranar tafiya. Na mayar masa da sikelinsa. Takardar Huda tana wurina.